2,147,483,647: Me Wannan Lambar Ta Taka?

Duk wanda ya daɗe yana harka da kwamfuta ko gem ko rubuta manhaja, to da wuya ace bai taɓa cin karo da 2,147,483,647 ba, ko da kuwa bai kula ba. Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai kenan. In ka kalle ta haka kawai ba abin da zai ja hankalinka, ba ta ƙare da sifili ba, alƙalumanta ba su jeru a kan wani tsari ba, kai kace wani ne ya daddanna kalkuleta da ido a rufe. Girmanta kuwa, in da za ka zauna kana ƙirga ɗaya a kowane sakan ba barci ba hutu, sai ka shekara 68 da 'yan kwanaki kafin ka iso ta.

Abin da yake damuna da yadda ake yawan bayanin manyan lambobi shi ne sai a zubo maka jerin siffofi a haɗe ba a bambance ba: alƙaluma goma gareta, ta ƙare da 7, in ka tara alƙalumanta za ka samu 46, mara ce ba cika ba, firam ce (wato ba mai raba ta sai 1 da ita kanta), kaza ce kaza ce, duk a jere kamar darajarsu ɗaya. Alhali ba ɗaya bane ko kusa. Wasu siffofin na rigar da muka saka wa lambar ne, wasu kuma na jikinta ne. Cewa alƙalumanta goma ne ko jimlarsu 46 ce, wannan ya samo asali ne daga cewa mu muna ƙirge da goma-goma, da ace da takwas-takwas muka saba ƙirge da duk waɗannan sun canza. Amma cewa ba wata lamba da za ta raba ta ba saura, wannan ko ta wace hanya ka rubuta ta yana nan daram. Ba wai 46 ɗin ba ta da amfani sam bane, tana gaya maka cewa in ka raba lambar da 9 saura 1, in ka raba da 3 ma saura 1, saboda 46 ma haka take yi. Iyakar aikinta kenan.

Asalin lambar nan daga ninki yake. Fara da 1, ninka ya zama 2, ninka ya zama 4, sai 8, 16, 32, ka ci gaba. Yanzu ka riƙa tarawa: 1 da 2 uku, ƙara 4 bakwai, ƙara 8 sha biyar, ƙara 16 talatin da ɗaya. Ka lura kullum jimlar tana gaza ninki na gaba da ɗaya tak, 3 saura ɗaya ta kai 4, 7 saura ɗaya ta kai 8, 15 saura ɗaya ta kai 16. To in ka tara guda 31 na farko a wannan jerin, abin da zai fito maka shi ne 2,147,483,647, saura ɗaya ta kai 2,147,483,648 wadda ita ce 2 sau kanta har gida 31. Shi ya sa ake rubuta ta 2^31 − 1. A tsarin bainari, wato ƙirgen kwamfuta na sifili da ɗaya, lambar da ta zo mana a hargitse ɗin nan ba komai bace illa 1 guda talatin da ɗaya a jere, ba sifili ko ɗaya a tsakani. Kusan duk wani abin kirki da za a faɗa a kanta daga nan ya tsiro.

Babbar siffarta ita ce firam ce, ma'ana ba lambar da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. Faɗar haka da baki abu ne mai sauƙi, tabbatarwar ce aiki. Ba sai ka gwada duk lambobin da ke ƙasa da ita ba dai, domin in lamba ta rabu gida biyu, wato wata sau wata, dole ɗaya daga cikin biyun ta zama ƙarama. 46,340 sau kanta ya ba da 2,147,395,600, bai kai ba, 46,341 sau kanta kuma ya ba da 2,147,488,281, ya wuce. Kenan in akwai mai raba ta, to akwai wadda ba ta wuce 46,340 ba. Kuma ba sai ka gwada 6 ko 15 ba tunda ka riga ka gwada 2 da 3 da 5, firam kawai za ka bi. Duk da haka firam ɗin da ke ƙasa da wannan iyakar sun kusa 4,800. Wayar hannunka za ta gama wannan kafin ka ƙifta ido, amma ka tuna mutumin da ya fara tabbatar da abin nan da alƙalami da tawada ya yi, a ƙarni na 18.

Kafin shi akwai tarihi. Lambobi masu siffar 2^p − 1, wato 2 sau kanta har gida p a cire ɗaya, inda p take tsaye a madadin wata lamba, sun daɗe suna ɗaukar hankalin masu lissafi, kuma tun da wuri an gano cewa in ana so sakamakon ya zama firam to dole p ɗin kanta ta zama firam. Gwada da 15, wadda take 3 sau 5: 2^15 − 1 shi ne 32,767, kuma 7 na raba shi, 31 ma na raba shi, su kuwa 7 da 31 ba kowa bane illa 2^3 − 1 da 2^5 − 1. Haka abin yake kullum, duk p ɗin da ta rabu to ta ja wa sakamakon rabuwa. Sai dai fa zaman p firam bai wadatar ba, nan ne mutane da yawa ke zamewa. 11 firam ce amma 2^11 − 1 shi ne 2,047, wato 23 sau 89. 23 ma ta faɗi, 47 na raba nata. 29 ma ta faɗi, 233 na raba nata. Wani ɗan Italiya Pietro Cataldi ya tabbatar a 1588 cewa 17 da 19 sun haye, suna ba da 131,071 da 524,287. Daga nan sai aka tsaya cik, kusan shekara ɗari biyu ba wanda ya iya tabbatar da ta gaba.

Sunan da ya manne wa irin waɗannan lambobin na wani malamin coci ne ɗan Faransa, Marin Mersenne, wanda a 1644 ya fitar da jerin p ɗin da yace su ne ke ba da firam har zuwa 257: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba. A kan 31 ya yi daidai, kuma tamu ita ce ta takwas a jerin firam ɗin Mersenne.

Wanda ya kawo hujjar shi ne Leonhard Euler, haifaffen Basel a ƙasar Siwizalan, a wata wasiƙa da ya aika wa Daniel Bernoulli a 1772, lokacin yana zaune a Rasha kuma idanunsa sun riga sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Yadda ya rage aikin nan shi ne wajen da na fi so a labarin duka, don haka bari in ɗan tsaya a kai.

Tun a 1640 Pierre de Fermat ya lura cewa masu raba irin waɗannan lambobin ba sa zuwa barkatai. Duba 2,047 ɗin ɗazu: 23 shi ne 22 da ɗaya, 89 shi ne 88 da ɗaya, kuma 22 da 88 duk ninkin 22 ne, wato 2 sau 11. Me ya kawo haka? Ɗauki 23, ka riƙa ninka 2, duk sanda ka kai 23 ko ka wuce sai ka cire 23 ka riƙe saura. Za ka samu 2, 4, 8, 16, sai 32 ta koma 9, sai 18, sai 36 ta koma 13, sai 26 ta koma 3, sai 6, 12, sai 24 ta koma 1. Taku goma sha ɗaya cif ka dawo kan 1, daga nan kuma zagayen zai sake farawa. Dawowa kan 1 a taku na 11 shi ne ainihin ma'anar cewa 23 na raba 2^11 − 1. Ƙa'idar Fermat kuma ta ce tsawon wannan zagayen dole ya raba firam ɗin in an cire mata ɗaya, kuma ga shi nan, 11 ta raba 22. To haka nan duk firam ɗin da za ta raba 2^31 − 1, tsawon zagayenta 31 ne, dole in an cire mata ɗaya 31 ta raba abin da ya rage, kuma tunda mara ce dole 2 ma ta raba, kenan sai ta zama ninkin 62 da ɗaya a kai: 63, 125, 187, 249, haka haka.

Euler sai ya ƙara wani sharaɗin, cewa mai rabawar in aka raba ta da 8 dole saura ya zama 1 ko 7. Gwada ka gani, 23 saura 7, 89 saura 1, 47 saura 7, 233 saura 1. Da ya haɗa sharuɗɗan biyu sai rabin 'yan takarar suka zube, 125 ta fita, 187 ta fita, aka bar waɗanda in ka raba su da 248 saura 1 ko 63 kawai. Daga nan zuwa 46,340 irinsu ba su kai 400 ba, in kuma ka tsame waɗanda ba firam ba sai su dawo ƙasa da ɗari. 63 ba firam bace, 249 uku na raba ta, ta farko da ta cancanci a gwada ita ce 311, kuma in ka raba 2,147,483,647 da 311 za ka samu 6,905,092 saura 35, ba ta raba ba. Ta gaba da za a gwada sai can 1,303. Kaga yadda ake tsallake ɗaruruwan lambobi a taku ɗaya ba tare da an taɓa su ba, kuma ba da ka-ce-na-ce ba, da hujja. Aikin da zai ci rabawa dubu huɗu da ɗoriya ya dawo abin da mutum zai iya gamawa da hannu. A wajena wannan shi ne lissafi na gaskiya, ba saurin ƙirge ba, sanin abin da ba sai an ƙirga ba. Lambar ta riƙe kambun firam mafi girma da aka sani har zuwa 1867.

To me ya sa tun farko mutane suka damu da waɗannan lambobin? Saboda kammalallun lambobi. Ana kasa lambobi gida uku ta hanyar tara masu raba su, ban da ita lambar kanta. 12 tana da 1, 2, 3, 4, 6, jimla 16, ta wuce 12, wannan mai rara ce. 10 tana da 1, 2, 5, jimla 8, wannan mai giɓi ce. Tamu tunda firam ce 1 kaɗai gareta, kenan tana can ƙarshen masu giɓi, ba abin da ya fi haka giɓi. Sai kuma 'yan ƙalilan da jimlar ke faɗawa daidai: 6 ita ce 1 da 2 da 3, 28 ita ce 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Sai 496, sai 8,128, sai a yi wani dogon tsalle zuwa 33,550,336. Yuklid na Girka, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna cewa duk sanda 2^p − 1 ta zama firam, in ka ninka ta da 2^(p−1) kammalalliya za ta fito, 3 sau 2 shida, 7 sau 4 ashirin da takwas, 31 sau 16 ɗari huɗu da casa'in da shida. Euler ya zo ya rufe ɗaya ƙofar, ya nuna duk wata kammalalliya da take cika to ta wannan hanyar kaɗai take zuwa. Kenan 2,147,483,647 ita ce uwar kammalalliya ta takwas, 2,305,843,008,139,952,128. Kuma akwai wani abu mai daɗi a nan: tara 1 zuwa 3 ka samu 6, tara 1 zuwa 7 ka samu 28, 1 zuwa 31 ka samu 496, to in ka tara duk lambobi daga 1 har zuwa 2,147,483,647 wannan doguwar ce za ta fito cif ba ƙari ba ragi. Ko akwai kammalalliya da take mara? Har yau ba wanda ya samo ko ɗaya, ba kuma wanda ya tabbatar babu.

A 1811 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa wannan kammalalliyar ita ce mafi girma da aka sani kuma da alama ba za a wuce ta ba, don a ganinsa abin sha'awa ne kawai mara amfani, ba wanda zai ɓata lokacinsa neman ta gaba. An wuce ta nesa ba kusa ba, kuma batun rashin amfani ma za mu zo kansa.

Akwai wani rukunin da ya fi na Mersenne ƙaranci wanda lambar nan take ciki. Ita 31 ɗin kanta ai 2^5 − 1 ce, wato firam ɗin Mersenne ce ta haifi wata firam ɗin Mersenne. Irin wannan mai hawa biyu guda huɗu kacal aka sani: 7 daga 3, 127 daga 7, tamu daga 31, sai 2^127 − 1 daga 127. Ta gaba da ake sa rai, wadda za ta fito daga 8,191, wato 2^13 − 1, an gwada ta faɗi. In kuma kace bari a ɗora tamu a sama, 2^2,147,483,647 − 1, lamba ce mai alƙaluma sama da miliyan 646, kuma an riga an samo masu raba ta, ba firam bace.

Ta ɓangaren sukwaya, wato lamba sau kanta, irin su 1, 4, 9, 16, 25, nan ma tana da taurin kai. Wasu firam ɗin suna fitowa daga sukwaya biyu, 13 ita ce 4 da 9, 29 ita ce 4 da 25. Tamu ba ta yarda da biyu ba, ba ta yarda da uku ba ma, kuma za ka iya ganin dalili da kanka. Duk sukwayar da ka raba da 8, saura 0 ne ko 1 ko 4, ba na huɗu. Tamu kuwa tunda saura ɗaya ta kai ninkin 8, saura 7 take bari. Juya 0 da 1 da 4 yadda kake so, ɗauki uku ka tara, za ka samu 6, za ka samu 9, amma 7 ba za ta taɓa fitowa ba. Sai da huɗu, kuma masanin lissafi Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu sun ishi kowace lamba. Maƙwabta kuwa, ba ta da tagwai, wato firam ɗin da ke tazarar 2 da ita, ta ƙasa ta ƙare da 5, ta sama kuma 3 na raba ta. Firam mafi kusa ta baya ita ce 2,147,483,629, ta gaba 2,147,483,659. In aka jera firam tun daga 2, ita ce ta 105,097,565.

Shi jerin Mersenne ɗin daga baya an gano kurakurai biyar a ciki, 67 da 257 ba sa ba da firam, sannan ya tsallake 61 da 89 da 107. A 1903 Frank Nelson Cole ya nuna a wani taron masana lissafi a birnin New York cewa 2^67 − 1 shi ne 193,707,721 sau 761,838,257,287. Amma abin da ya canza wasan gaba ɗaya shi ne gwajin da Édouard Lucas ya ƙirƙiro, wanda da shi ya tabbatar da 2^127 − 1 a 1876, lamba mai alƙaluma 39, da hannu, daga baya Derrick Lehmer ya gyara gwajin a shekarun 1930. Gwajin ba ya neman mai rabawa sam. Ka fara da 4, ka ninka ta da kanta ka cire 2, ka raba da lambar da kake gwadawa ka riƙe saura, ka maimaita sau p − 2. In ka ƙare a sifili firam ce, in ba haka ba ba firam bace, shikenan. Gwada da 31, inda p take 5, taku uku kenan: 4 sau 4 cire 2 ya ba da 14, 14 sau 14 cire 2 ya ba da 194 wanda in ka raba da 31 saura 8, 8 sau 8 cire 2 ya ba da 62, 31 biyu kenan, saura sifili. Don tamu taku 29 kawai ake buƙata. Da wannan gwajin ne 'yan sa-kai na shirin GIMPS, wanda George Woltman ya fara a 1996, suke farautar sababbi da kwamfutocinsu, kuma a watan Oktoba na 2024 Luke Durant ya samo 2^136,279,841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320, ta 52 da aka sani. Ko firam ɗin Mersenne suna da iyaka ko ba su da ita, wannan ma tambaya ce da ke buɗe.

Yanzu sai ɗaya fuskar, wadda ta sa mutanen da ba ruwansu da Euler suka san lambar. Kwamfuta tana ajiye lamba a gurabe da ake kira bit, kowane gurbi 0 ko 1. Shekaru da dama ma'aunin da aka fi amfani da shi gurbi 32 ne, ana ware ɗaya don ya nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, saura 31. Cika su duka da 1, ka samu 2,147,483,647, rufin ɗakin kenan. In ka ƙara ɗaya a kai, duk 1 ɗin nan talatin da ɗaya za su kife su koma 0, ɗayan da ya yi saura ya haura cikin gurbin alama, sai kwamfuta ta karanta −2,147,483,648. Daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta a taku ɗaya.

Kuma abin ya sha faruwa a zahiri. A ƙarshen 2014 YouTube ya sanar cewa ya faɗaɗa ma'aunin ƙirgen masu kallo zuwa bit 64 saboda bidiyon waƙar wani mawaƙi ɗan Koriya ta Kudu ya doshi wannan iyakar. A 2015 hukumar jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa jirgin Boeing 787 zai iya rasa wutar lantarkinsa in aka bar na'urorin da ke kula da janaretocinsa a kunne kwana 248 a jere ba a kashe ba, in kuma ka lissafa 2,147,483,647 a matsayin kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, kwana 248 da rabi ne za su fito maka. Wannan 248 ɗin ba ta da alaƙa da ta Euler, dacewa ce kawai. A ranar 1 ga Janairu 2022 sabobin imel na Microsoft Exchange da yawa suka daina tura saƙo, saboda an rubuta kwanan wata a matsayin lamba mai farawa da shekara, 2201010001, ita kuwa ta fi ƙarfin gurbi 31, alhali duk na 2021 masu farawa da 21 suna shiga lafiya lau. Babbar kuma tana gaba: tsarin Unix yana ƙirga lokaci da sakan tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma ƙirgen zai kai 2,147,483,647 ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 3:14:07 na dare agogon GMT, sakan ɗaya bayan nan duk na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka tana 13 ga Disamba 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci galibi sun koma bit 64, abin damuwar shi ne ƙananan na'urorin da aka dasa cikin injina da mitoci aka manta da su.

Abin da nake so a riƙe a nan shi ne duk waɗannan matsalolin ba ruwansu da cewa lambar firam ce. Masu ƙera kwamfuta ba su zaɓi 32 don su burge Mersenne ba, sun zaɓe ta ne don ninkin 8 ce. Rufin bit 8 shi ne 127, firam ce. Rufin bit 16 shi ne 32,767 ɗin ɗazu, 7 sau 31 sau 151, ba firam ba. Rufin bit 64 shi ne 9,223,372,036,854,775,807, 7 na raba shi tunda 3 na raba 63. Sa'a ce kawai ta sa 32 cire ɗaya ya faɗa kan 31.

Amma akwai waje guda da fuskokin biyu suka haɗu, kuma nan ne maganar Barlow ta rushe. Kwamfuta na buƙatar lambobi masu kama da na kacici-kacici, waɗanda ba a iya hasashen na gaba da ido, don gem da gwaje-gwajen kimiyya. Tsohuwar dabara ta Lehmer ita ce ka ɗauki lamba, ka ninka da wata tsayayyiya, ka raba da wata babba ka riƙe saura, ka maimaita. In babbar ba firam bace za ka iya faɗawa rami, ninka 2 kana rabawa da 8, za ka samu 2, 4, 0, daga nan sifili har abada. In firam ce ba za ka taɓa faɗawa sifili ba, kuma in ka dace da mai ninkawa za ka zagaye kowace lamba kafin ka maimaita: da 7 da 3 za ka samu 1, 3, 2, 6, 4, 5, sannan 1. To ga firam mafi girma da za ta shiga gurbi 31, ta cika shi maƙil. Mai ninkawar ce sai an zaɓa da kyau, in ka ɗauki 2 taku 31 kawai za ka dawo gida. Wadda aka fi sani ita ce 16,807, wato 7 sau kanta gida biyar, an fara ba da shawararta a 1969, wasu masana kwamfuta biyu, Park da Miller, kuma suka tallata ta a 1988 a matsayin mafi ƙarancin ma'aunin da ya kamata a yarda da shi. Fara da 1 ka samu 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073, sai 984,943,658, kuma ba za ta maimaita ba sai bayan taku 2,147,483,646. Har rabawar ma ta zo da sauƙi, yadda tara alƙaluma ke ba ka sauran rabawa da 9 saboda 9 saura ɗaya ta kai 10, haka kwamfuta ke yanka sakamakon a gurbi na 31 ta tara gutsuren biyu ba tare da ta yi doguwar rabawa ba.

A yau zagayen biliyan biyu ya yi kaɗan, kwamfuta ta zamani za ta cinye shi cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma bai dace a yi amfani da shi wajen ɓoye sirri ba tunda wanda ya ga lamba ɗaya ya san ta gaba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka gaje shi shi ne Mersenne Twister, wanda Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura 'yan Japan suka fitar a 1997, shi ne ke bayan lambobin kacici-kacici a yaren Python da wasu da dama, tsawon zagayensa kuma 2^19,937 − 1 ne, firam ɗin Mersenne ta 24, wadda Bryant Tuckerman ya gano a 1971.